Kowa da Man da Ya Karɓe Shi: Tarihin Man Kwakwa a Fuska

Duk wanda ya ajiye kwalbar man kwakwa a Kano ko Zariya ko Damagaram cikin watan Janairu ya san halinta. Man da ke zuba kamar ruwa a bazara sai a wayi gari ya daskare, fari fat kamar kitse. Wannan ba alamar ha'incin mai sayarwa ba ce. Man kwakwa yana daskarewa ne da zarar zafi ya yi ƙasa da digiri 24, kuma a ƙasashen da aka fara tatsarsa, wato gaɓar tekun Indiya da tsibiran tekun Fasifik, da wuya sanyi ya sauko har can. Mai ne na ƙasar laima da gumi, ya zo baƙunta ƙasar hunturu.

Duk da baƙuncinsa, cikin shekarun baya-bayan nan ya sami gindin zama a teburin kwalliya. Masu sayar da kayan gyaran jiki a Instagram da TikTok suna tallata shi a matsayin man fuska na asali, wanda babu sinadari a cikinsa. Wata za ta shafa shi mako biyu ta ce fatarta ta yi laushi kamar ta jariri. Wata kuma za ta shafa man kwalba ɗaya, ƙuraje su feso mata a goshi da kumatu, su warke su bar tabon da zai yi wata shida bai ɓace ba. Dukkansu gaskiya suke faɗa.

Fahimtar wannan saɓani na buƙatar bin tarihin man. Sunan man kwakwa ya tashi, ya faɗi, ya sake tashi cikin shekara ɗari da hamsin, kuma a kowane karo kasuwa ce ta yanke hukunci kafin likitan fata ya buɗe baki. Da likitocin suka zo daga baya, amsar da suka bayar ba ta kai faɗin abin da talla ke faɗa ba.

Kafin kwalba

A 2011 wasu masu bincike, cikinsu har da Kenneth Olsen na Jami'ar Washington da ke Sent Luwis a Amurka, suka nazarci ƙwayoyin gadon kwakwa sama da 1,300 daga sassan duniya. Suka gano cewa an fara noman kwakwa a wurare biyu daban: ɗaya a tsibiran kudu maso gabashin Asiya, ɗaya kuma a kudancin Indiya da Siri Lanka da tsibiran Maldif. Matuƙa jiragen ruwa ne suka yaɗa ta, domin ƙwallo ɗaya yana ɗauke da ruwan sha da abinci da mai, ga igiya daga zaren bayansa.

A waɗannan wurare man kwakwa kayan yau da kullum ne. Ibn Baɗɗuɗa, matafiyin nan ɗan Tanja, ya ga kwakwa a gaɓar Zufar da ke kudancin Oman ta yau, daga baya kuma ya yi alƙalanci a Maldif wajejen 1343. Ya bayyana yadda ake yanka farin cikinta a shanya a rana, a dafa a tukwane a fitar da mai. Amfanin da ya lissafa shi ne kunna fitila, da cin abinci, da shafawar mata a gashi. A Kerala da ke kudancin Indiya, al'adar ita ce a shafe kai da jiki da mai kafin wanka, a bari ya ɗan jima, sannan a wanke shi da garin wake ko saiwar da ke yanke maiƙo. A Tahiti ana jiƙa furen tiyare a cikin man a sami abin da ake kira monoyi, wanda ake shafa wa jarirai da masunta da gawa. A 1992 gwamnatin Faransa ta ba shi kariyar sunan asali, irin wadda take bai wa cukunta.

Akwai abin lura a cikin waɗannan al'adu. Man ya yi suna ne a gashi, da fatar jiki, da tausa, kuma sau da yawa wanke shi ake yi. Shafa shi a fuska safe da yamma, a ɗora hoda a kai, a wuni da shi cikin ɗaki mai na'urar sanyaya iska, sabon abu ne da kakannin mutanen Kerala ba su san shi ba.

Turawan Fotugal da suka isa Indiya a 1498 su ne suka kawo kwakwar tekun Indiya gaɓar Afirka ta Yamma, daga nan ta haye Barazil. A Nijeriya ta zauna a bakin teku, musamman yankin Badagiri, inda 'yan mishan na Katolika suka kafa gonarta a tsibirin Topo a 1876. Sunan da tsofaffin Hausawa suka ba ta ya nuna hanyar da ta biyo: kwakwar Attagara, wato wadda fatake ke samowa daga wajen Ida, a bakin kogin Kwara, don a bambanta ta da kwakwar manja. A ƙasar Hausa abin marmari ce, ana cin ta da dabino ko a yi alewa da ita. Man shafawa kuwa man kaɗe ne, da man shanu, da alayyadi, daga baya basilin ya shigo.

Kofra da yunwar mai a Turai

Abin da ya mayar da man kwakwa hajar duniya ba kwalliya ba ce. A ƙarni na 19 biranen Turai sun cika da ma'aikata, buƙatar sabulu da kyandir da man girki ta zarce kitsen dabbobin da ake da shi. 'Yan kasuwa suka bazama ƙasashe masu zafi neman mai.

Kamfanin Godeffroy na birnin Hambug a Jamus ya buɗe reshe a Apiya, babban garin Samowa, a 1857. Da farko man da mutanen tsibirin suka tatsa ake saye a ganguna, amma yakan yi ɗoyi ko ya tsiyaye kafin ya isa Turai. Wakilin kamfanin, Theodor Weber, shi ake dangantawa da sauya tsarin: a busar da farin cikin kwakwar, a zuba a buhuna, a tatse man a masana'antun Turai. Wannan busasshiyar kwakwa ita ce kofra. Sauyin ya rage asara, amma ya kwashe aikin tatsa da ribarsa daga tsibiran. Gonakin kofra na cikin abubuwan da suka sa manyan ƙasashe suka yi ta ja-in-ja a kan Samowa, har Jamus da Amurka suka raba ta a 1899.

A Ingila, William Lever ya fito da sabulun Sunlight a tsakiyar shekarun 1880, wanda aka haɗa da man tsirrai maimakon dogaro da kitse kaɗai. Man kwakwa na da daraja ta musamman wajen mai sabulu, domin kusan rabinsa wani sinadarin mai ne da ake kira asid na laurik, wanda ke sa sabulu kumfa ko da a ruwa mai gishiri. Lever ya mallaki gonakin kwakwa a tsibiran Solomon a farkon ƙarni na 20. Ga kuma majarin, botar da ake yi ba da kitsen madara ba, wadda wani Bafaranshe ya ƙirƙira a 1869, ita ma tana laƙume man tsirrai.

Wannan yunwa ta mai ba baƙuwa ba ce ga ƙasar Hausa. Ita ce ta sa da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka soma jigila a 1912, manoma suka rungumi gyaɗa, har aka kai ga dalar gyaɗa. Lever ɗin nan shi ya sayi Kamfanin Neja a 1920, kuma a 1929 kamfaninsa ya ƙulla haɗaka da masu majarin na Holan aka sami Unilever. Gyaɗar Kano, da manjan kudu, da kofrar Fasifik, duk tukunya ɗaya suke zuba.

Man da ake samu daga kofra ya sha bamban da wanda uwa ke dafawa a gida. Kofra takan sha hayaƙi da ƙura, takan yi fumfuna a hanya, don haka dole a tace manta, a wanke launinsa, a cire warinsa kafin ya amfanu. Fiye da shekara ɗari, wannan tataccen mai mara ƙamshi shi ne man kwakwar da duniya ta sani, kuma wurinsa masana'anta ne.

Faɗuwa a Amurka

Amurka ta karɓe Filifin daga hannun Sifaniya a 1898, kuma daga 1909 hajar tsibiran ta riƙa shiga kasuwar Amurka kusan ba haraji. A Yaƙin Duniya na Ɗaya buƙatar man kwakwa ta ƙaru, saboda ana fitar da gilisarin daga cikinsa don haɗa nakiya. Filifin ta zama babbar mai fitar da man kwakwa a duniya, matsayin da take riƙe da shi har yau; ita da Indonesiya da Indiya ne ke noma mafi yawan kwakwar duniya.

Arhar man ta tsone wa manoman Amurka ido, masu madara da masu man auduga. A 1934 majalisar dokokin ƙasar ta ɗora harajin senti 3 a kan kowace laba ta man kwakwa da aka sarrafa. A shekarar ce kuma aka zartar da dokar da ta share fagen 'yancin Filifin, kuma ƙungiyoyin manoma na cikin waɗanda suka mara mata baya, don su ga hajar tsibiran ta koma ta ƙasar waje. Da Japan ta mamaye Filifin a 1942 hanyar man ta yanke, man waken suya ya cike gurbin.

Babban bugu ya zo a shekarun 1980. Likitocin zuciya sun daɗe suna gargaɗi a kan kitse mai daskarewa, kuma man kwakwa ya fi ko man shanu yawan irin wannan kitse. Ƙungiyar manoman waken suya ta Amurka ta shiga gangamin yaƙi da man ƙasashe masu zafi. A 1988 wani attajiri ɗan Omaha, Phil Sokolof, wanda ciwon zuciya ya taɓa kamawa yana ɗan shekara 43, ya sayi cikakkun shafuka a manyan jaridu yana zargin kamfanonin abinci da sa wa Amurkawa guba. Cikin watanni manyan kamfanonin biskit da abincin karin kumallo suka cire man kwakwa da manja daga kayansu. Da yawa sun maye gurbinsa da man tsirrai da aka daskarar a masana'anta, wanda daga baya aka tabbatar ya fi shi illa ga zuciya, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke hukuncin fitar da shi daga abinci a 2015.

A duk wannan rikici ba wanda ya yi maganar fata. Amma sunan man ya ɓaci gaba ɗaya, kuma miliyoyin ƙananan manoma a Filifin, waɗanda dama ke cikin matalautan ƙasar, su suka ji a jikinsu.

Dawowa da sabon suna

Masana'antar da ta rasa kasuwar abinci dole ta nemi wata ƙofa. A farkon shekarun 2000 masu sarrafa kwakwa a Filifin suka koma ga tsohuwar hanyar gida: a kankare ɗanyar kwakwa, a matse madararta, a raba mai da ruwa ba tare da kofra ko sinadarin tacewa ba. Man da ake samu yana da haske da ƙamshin kwakwa, kuma ana sayar da shi da tsada ninkin na kofra. Littattafan masu maganin gargajiya na Amurka suka ɗauke shi suna kiransa abin al'ajabi, shafukan intanet suka yayata, taurarin fina-finai suka ce da shi suke girki, da shi suke kurkure baki, da shi suke shafa fuska.

Yadda tallar ta yi tasiri ya bayyana a wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta jaridar New York Times a 2016: kashi 72 cikin 100 na Amurkawan da aka tambaya sun ɗauki man kwakwa abinci mai gina lafiya, amma kashi 37 kawai na masana abinci suka yarda da haka. A watan Yunin 2017 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a guji cinsa, tana nuni da cewa kashi 82 cikin 100 na man kitse ne mai daskarewa. A 2018 Farfesa Karin Michels ta kira shi guba zalla a wata lacca a Jami'ar Firaibug ta Jamus, maganar ta zaga duniya, hukumomin noma a Indiya suka yi mata raddi.

Sakamakon wannan sabon rikici shi ne mutane da yawa suka ɗauke kwalbar daga kicin suka kai ta gaban madubi. Hujjarsu ita ce, in ma cinsa na da matsala, shafa shi ai ba laifi. A wannan zangon ne man ya shigo kasuwar kwalliyar Nijeriya da ƙarfi, ta hanyar intanet, ɗauke da kirarin da aka yi masa a Amurka.

Ruwa ke tausasa fata

Binciken fata ya bi tasa hanyar dabam, a hankali. A 1952 wani masani a Boston mai suna Irvin Blank ya yi gwaji mai sauƙi: ya ɗauki busasshiyar fatar kanta, irin wadda ke taruwa a tafin ƙafa, ya jiƙa wani yanki a mai, wani a ruwa. Wanda ya kwanta a mai ya ci gaba da zama a ƙandare, wanda ya sha ruwa ya yi laushi. Daga nan aka fahimci cewa ruwan da ke cikin saman fata shi ke sa ta laushi, aikin mai kuwa shi ne ya rufe ta don kada ruwan ya tsere.

A kan wannan fahimta aka gina man shafawa na zamani, wanda yawanci ke haɗa abu uku: ruwa, da sinadarin da ke jawo ruwa ya riƙe kamar gilisarin, da mai da zai rufe. Man kwakwa yana yin aiki na uku ne kawai, tare da cike ƙananan tsagogin fata ta yi santsi. Babu ruwa a cikinsa. Ko a aikin rufewar ma basilin ya fi shi nesa ba kusa ba. Wannan ne dalilin da ya sa mai shafa shi a busasshiyar fuska cikin hunturu, lokacin da laimar iska a Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, zai ga fuskar tana ƙyalli amma yana jin ta a ɗaure.

Gwaje-gwajen asibiti da aka yi wa man sun nuna yana da amfani na haƙiƙa. A 2004 likitoci a Filifin suka gwada man ɗanyar kwakwa da man ma'adinai, wanda ake tacewa daga ɗanyen man fetur, a kan mutum 34 masu bushewar fata, tsawon mako biyu. Duka biyun sun yi aiki, kusan kunnen doki. A 2014 wani gwajin, shi ma a Filifin, ya ɗauki yara 117 masu ciwon fata mai bushewa da ƙaiƙayi wanda likitoci ke kira ekzima. Bayan mako takwas, tsananin ciwon ya ragu da kashi 68 cikin 100 ga waɗanda aka shafa wa man kwakwa, da kashi 38 ga waɗanda aka shafa wa man ma'adinai.

Sakamako ne mai kyau, amma yana da iyaka. Gwajin 2004 a ƙafafu aka yi shi, na 2014 kuma a kan yara, waɗanda akasarinsu ba su kai shekarun da fata ke fara fitar da maiƙo sosai ba. Babu ɗayansu da ya gwada fuskar baligi mai maiƙo. Fatar ƙwauri kusan ba ta da gurbin maiƙo idan aka kwatanta da goshi da hanci, inda ɗaruruwan ƙofofin maiƙo ke cunkushe a ɗan fili kamar faɗin farce.

Kunnen zomo

Tambayar fuska wasu ne suka taso da ita, tun kafin man kwakwa ya dawo. A 1970 likitocin fata uku a Filadelfiya, Gerd Plewig da James Fulton da Albert Kligman, suka bayyana wasu ƙananan ƙuraje da ke fitowa a goshi da gefen fuskar baƙaƙen fatar Amurka masu shafa man gashi mai kauri kullum. A 1972 Kligman da Otto Mills suka rubuta a kan matan da suka wuce shekarun balaga amma ƙuraje ba su rabu da su ba, suka ɗora alhakin a kan kayan kwalliyar da ke toshe ƙofofin gashi.

Don gano waɗanne sinadarai ne ke toshewa, sai aka koma ga zomo. Cikin kunnen zomo yana da ƙofofin gashi masu saurin toshewa. A shafa abu kullum na tsawon makonni biyu, a duba. A 1989 Fulton ya wallafa jerin sinadaran kwalliya da makin da kowanne ya samu daga 0 zuwa 5. Man kwakwa ya sami 4. Wannan lamba ita ce ke yawo a intanet har yau a duk inda ake gargaɗi a kan man.

Ita ma lambar tana da iyakarta. Kunnen zomo ya fi fatar mutum saurin toshewa, kuma a 2006 Zoe Draelos da Joseph DiNardo suka nuna cewa man shafawar da ke ɗauke da ɗan kaɗan na sinadari mai toshewa ba lalle ne shi kansa ya toshe fatar mutum ba. Sai dai wannan sassauci ya shafi man da aka haɗa ne, wanda man kwakwa ke cikinsa kaɗan. Mai ɗiban zallarsa daga kwalba ya shafa a fuska yana maimaita gwajin zomon ne kai tsaye, a kan fatarsa.

Masu talla suna da tasu hujjar. A 2009 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka nuna cewa asid na laurik yana kashe bakteriyar da ke da hannu a ƙurajen fuska. Gaskiya ne, amma a kwanon gwaji da kunnen ɓera aka gani, kuma da tsantsar asid ɗin. A cikin man kwakwa, asid ɗin a ɗaure yake da gilisarin, ba ya sake sai an warware shi. Ƙuraje kuma daga toshewar ƙofa suke farawa kafin bakteriya ta sami wurin zama.

Fuska da fuska

Raba fata zuwa busasshiya da mai maiƙo da matsakaiciya, wanda ake dangantawa da 'yar kasuwar kwalliya Helena Rubinstein a farkon ƙarni na 20, shi ma daga kanti ya fito. Duk da haka yana da amfani wajen tsara abin da binciken ya nuna.

Mai busasshiyar fata wadda ba ta da tarihin ƙuraje, musamman wanda shekaru suka ja har maiƙon fatarsa ya ragu, shi ne ya fi kusa da mutanen da gwaje-gwajen suka amfana. A gare shi ɗigo biyu ko uku sun isa, a shafa bayan wanka fata na da danshi, ko a kan man shafawa mai ruwa, don man ya sami abin da zai rufe.

Mai fata mai maiƙo, ko wanda ƙuraje suka saba fito masa, shi ne ya fi fuskantar haɗari, kuma haɗarin ya fi nauyi ga baƙar fata. Ƙurji a fata mai duhu yakan bar baƙin tabo bayan ya warke, tabon kuma ya fi ƙurjin daɗewa. Neman goge irin wannan tabo na daga cikin hanyoyin da ke kai mata ga mayukan bilicin, masu ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata. Kuskuren mako biyu na iya jawo jinyar shekara.

Mai fata gauraye, wato goshi da hanci na maiƙo, kumatu a bushe, yana iya taƙaita man ga inda ya bushe, ya kauce wa tsakiyar fuska. Wanda ke shafa shi a gashi kuwa ya lura da goshi da matashin kai, domin ta nan ne ƙurajen da aka bayyana a 1970 ke samun hanya.

Akwai kuma rukunin da ake yawan mantawa. Abin da ake kira ekzima a kasuwannin Nijeriya sau da yawa ƙyasbi ne, dabbare-dabbaren da ke fitowa a wuya da ƙirji da fuska, kuma ba shi ne ekzimar gwajin 2014 ba. Wata ƙwayar fangas mai suna malaseziya ke kawo shi, ita ce kuma ke da hannu a amosanin kai da saɓar gefen hanci da gira. Wannan ƙwaya ba ta iya ƙera nata mai, a kan man da ta tarar a fata take rayuwa, kuma asid na laurik na cikin irin man da take iya ci. Don haka likitocin fata da dama ke hana masu irin wannan matsala shafa man tsirrai zalla a wurin.

Ga kowa kuma, man kwakwa ba ya kare fata daga rana, ba ya kuma maye gurbin man kariyar da likitoci ke ba da shawara. Gwajin da ya fi na zomo amfani ga mutum shi ne ya shafa ɗan kaɗan a wuri ɗaya a gefen muƙamuƙi na tsawon makonni, ya ga yadda fatarsa ta amsa, domin toshewar ƙofa ba ta bayyana a kwana ɗaya.

Hausawa kan ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Mata sun daɗe da aron wannan kalma ga kwalliya: mai ya karɓi wance, bai karɓi wance ba. Wannan tsohuwar magana ta fi kusa da abin da bincike ya tabbatar fiye da tallar da ke cewa mai ɗaya ya dace da kowace fuska don kawai daga bishiya ya fito. Man kwakwa bai canza ba tun zamanin Ibn Baɗɗuɗa. Har yanzu yana da kyau ga gashi, da ƙafar da hunturu ya busar, da fatar yaro mai ƙaiƙayi. Ko zai dace da wata fuska kuwa, amsar tana ga yawan maiƙon da fuskar ke fitarwa da kuma tarihinta da ƙuraje, abubuwa biyu da mai ita ya fi mai sayarwa sani.